Saniyar da Dikko Ya Bari a Hanyar Agiye

Dikko bai iso Gangara da shanu a gaba da sanda a kafaɗa ba, kamar yadda Fulani suka saba isowa. Shi kaɗai ya shigo, ranar kasuwa, cikin bazarar 1985, bayan damina biyu sun wuce ba a cika rumbu ko ɗaya ba.

Asalinsa mutumin yammacin Gidan Rumji ne. Da fari ya tsananta, sai ya kora shanunsa arba'in da ɗoriya ya nufi gabas, domin an ce masa akwai sauran ciyawa a kwarin Gazawa. Labarin bai zama gaskiya ba. Shanun suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wadda ya tarar da sauran numfashi ya yanka. Matarsa Zainaba ta kwashi yara ta bi 'yan'uwanta kudu, shi kuma ya ci gaba da abin da ya rage, har ya zamana saura guda.

Wannan gudar ba tasa ba ce, ta habbanaye ce. A al'adar makiyaya, mutum yakan ba amininsa aron karsana, ya riƙe ta har ta haifa masa maruƙa uku, sa'an nan ya mayar da uwar ga mai ita. Ba a sayar da ita, ba a sa mata wuƙa. Jaye, abokinsa tun suna kiwon maruƙa, shi ya ba shi ita, kuma sunanta Wule saboda farin da ke goshinta.

A hanyar Agiye ta kwanta. Ya yini biyu a kanta yana neman masu taya shi ɗagawa, amma kowa ta kansa yake yi. Ya zare wuƙa, ya mayar da ita kube. Daga ƙarshe ya zuba mata sauran ruwan gorarsa a ƙwarya, ya tafi bai waiwaya ba.

Wata uku ya yi yana dako a kasuwar Gazawa, yana kauce wa duk inda ya hango Fulani. Ya san tambayar da za ta biyo bayan gaisuwa: ina saniyar Jaye? Ba zai ce ta mutu ba, tun da bai gani ba. Ba zai ce tana raye ba. Mutumin da ba shi da amsar wannan tambaya kuwa ba shi da fuskar komawa cikin danginsa. A nan ne ya ji labarin wani manomi a Gangara mai suna Isaka, wanda 'ya'yansa suka tafi cin rani suka bar shi, yake bin hanyoyi da amalanken jaki yana kwaso dabbobin da aka yasar.

Ya same shi a gefen gari, ƙarƙashin itatuwan gawo, yana yayyafa ruwan kanwa a kan tsohuwar ciyawar jinkar ɗakinsa domin ta ciwu. Akwai shanu kamar goma, duk haƙarƙari a waje, da 'yan awaki, da wata makauniyar jaka.

"Ɗan Fulani," in ji Isaka bayan sun gaisa, "in saye ka zo, ba na sayarwa. In taka ka zo nema, kira ta. Wadda ta amsa, taka ce."

Dikko ya gyara murya ya yi irin kiran da yake yi wa garkensa da yamma. Shanun nan duka suka bar ci suka ɗago kai, kunnuwa a miƙe, domin sun daɗe ba su ji an yi musu magana da harshen da suka sani ba. Wani tsohon bijimi ya tako a hankali ya sa hanci a tafin hannunsa. Dikko ya kira sunan Wule sau uku. Babu wadda ta amsa.

"Mai farin goshi?" Isaka ya tambaya. "Ƙahonta na hagu ya karkata? Matafiya suka taya ni ɗora ta. Kwana tara ta yi a nan. Na yi mata shimfiɗar yashi mai laushi, na hana kowa ya dame ta, don ta huta."

"Ba ka tayar da ita ba?"

"In tayar da marar lafiya?"

"Kaɗo ke nan," in ji Dikko da sunan da Fulani suke kiran Bahaushe, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Saniya ba mutum ba ce, Malam Isaka. In ta daɗe a ƙasa, ƙafafunta sukan riga ta mutuwa. Kowace safiya sai an tsayar da ita, ko tana so ko ba ta so."

Isaka ya dubi shanun da suka rage. Sa'an nan ya ce, "Shida na yi jinya haka."

Dikko bai ƙara masa nauyi ba, domin shi da ya san maganin ai tafiya ya yi. Ya tambayi inda aka binne ta, aka nuna masa, ya je ya tsaya shi kaɗai. Da ya dawo sai ya nuna wata jar saniya da ke kwance a inuwa tun jiya, ya ce a samo masa itace biyu masu ƙarfi. Babu, sai taɓaren Kyauta, yayar Isaka, tsohuwar da ke yi masa girki.

"Taɓarena za ku cusa ƙarƙashin saniya?" in ji ta. "To, ɗauka. Dama babu abin dakawa."

Suka zura ɗaya bayan ƙafafun gaba, ɗaya gaban hantsa, tsohuwa ta kama wutsiya. Sau biyu saniyar tana zubewa. A na uku ta tsaya tana rawar jiki, Dikko ya tokare taɓaren da gwafa, ya zauna yana murza mata gwiwoyi yana yi mata magana da Fulatanci.

Haka ya yi kowace safiya har ruwa ya sauka. Sa'an nan ya ɗauki gorarsa ya nufi yamma, tun da yanzu yana da abin faɗa: ta mutu a Gangara, a inuwa, da ruwa a gabanta, kuma shi ne ya bar ta a hanya. Ya tarar da mazaunin su Jaye babu kowa, ciyawa ta rufe turakun maruƙa. Wasu suka ce sun yi kudu, wasu suka ce Jaye bai kai damina ba. Zainaba ma aike ta yo cewa ba za ta dawo ba.

Ya koma Gangara. Da jar saniyar ta haihu, Isaka ya ba shi 'yar maraƙar ladan wahalarsa, shi kuwa ya tsaga mata kunne da shaidar gidan Jaye. Ta hayayyafa, zuriyarta ta zama garke, bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, ko a shekarar da ya rasa rigar salla. Duk ranar kasuwa yakan zauna a bakin turken shanu yana tambayar baƙin Fulani ko sun san wani Jaye na yammacin Gidan Rumji. Ya yi shekara ashirin da biyu yana wannan tambaya, har ƙafafunsa suka daina kai shi kasuwa.