Falwayar da Baba Gyang Ba Ya Sauri a Gabanta

Har yau ban manta da safiyar da na bi Baba Gyang a kan keke ba, a damunar wata shekara cikin shekarun 1980. Lokacin ni ne jami'in kula da lafiyar ma'aikata a wata masaƙa da ke kudancin Kogin Kaduna. Auduga ba ta shiri da wuta, shi ya sa muke da 'yan kwana-kwana namu na cikin gida. Ƙa'ida ce duk shekara kowannensu ya yi gudun kilomita uku cikin minti goma sha shida. Wanda ya kasa sau biyu, an sallame shi.

Baba Gyang ɗaya ne daga cikinsu, mutumin Filato ne, ya haura hamsin, kuma kowa ya san kullum da sassafe yana gudu daga Trikania ya miƙe hanyar Kakau. Amma ranar gwaji a filin ƙwallon masaƙa, sai ga shi yana zagaye kamar wanda ya ɓata a kasuwa. Ya kasa.

Na ja shi gefe. "Baba, lafiya?"

"Oga, filin nan ba falwaya."

"Me ya haɗa gudu da falwaya?"

Ya ce a hanyarsa kowace falwaya ta mutum ɗaya ce. In ya iso ta, sai ya ambaci sunan mai ita ya yi masa addu'a har ta gaba. "A filin nan ban san wa nake yi wa gudu ba."

Na kai maganar wurin manaja. Ya yi dariya, ya ce, "Malam Isa, gudu ai gudu ne." Na ce to, in haka ne a bar shi ya yi a titi. Ya sa hannu, ya ce amma agogo ba ya jin addu'a.

Washegari an kwana ana ruwa. Muka kama hanyar Kakau, yana gudu ina bin sa a kan keke. Wani farin tururi ya kwanta kan gonakin masara, falwayoyin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar mutane a mafarki. Na zauna a Ingila, na ga masu gudu don rage tumbi. A Indiya na ga tsofaffi a bakin kogi suna lissafa numfashinsu. Na ji addu'a cikin harsuna da dama, amma ban taɓa jin wadda ake yi da tafin ƙafa ba. Sunaye na fita tare da numfashinsa: matarsa, 'ya'yansa, fastonsu, manajan da ya yi dariya. Can sai na ji, "Malam Isa." Ashe ni ma ina da falwaya, wata karkatacciya kusa da mai shayi.

Saura kaɗan mu kai, sai ya rage gudu ya koma tafiya. Na dubi agogo.

"Baba, lokaci!"

Bai ko waiwayo ba. Ya taɓa falwayar da tafin hannu, ya taka a hankali har ta gaba, sannan ya zabura. Ya tsallake layi saura daƙiƙa huɗu.

Da ya samu numfashi na ce, "Ka kusa zubar da aikinka fa."

Ya ce, "Ta Dauda ce, ɗan farina. Ya rasu bara. Tun yana raye ba ya son a bar shi a baya."

Na rubuta "ya ci" a takarda.

Ku da kuke riƙe da agogon yanzu, ku auna yadda ƙa'ida ta ce, kada ku rage daƙiƙa ko ɗaya. Amma in mutum ya kasa, ku tambaye shi kafin ku rubuta. Ni dai tun daga ranar, in na fito daga sallar asuba, nakan taka har ƙarshen layinmu. Falwaya ta uku ta Baba Gyang ce, kuma ni ma ba na sauri a gabanta.