Makokin Talata da Asabar

A da na yi imani cewa babu abin da ke faruwa a gidanmu ba da sanina ba. Bayan rasuwar Baba ni na zama waliyyin ƙanwata, kuma na ɗauka karatun jami'a da aikin koyarwa a Khartoum sun isa su sa in gane gaskiya idan na gan ta.

Zamanin mulkin soja ne, lokacin da mace kan sha bulala a kan wando. Ƙanwata tana da shekara goma sha tara. Duk Talata da Asabar bayan la'asar takan yafa farin tobi, mayafin matan Sudan, ta ɗauki kwanon abinci, ta ce za ta gaisuwar mutuwa a wata unguwa ta Alsawra, nan cikin garinmu Omdurman. Watanni suka shuɗe a haka. Ban zarge ta ba. Kunya ce ta kama ni, a ce ana ta makoki babu namiji ɗaya daga gidanmu da ya je ya yi Fatiha. Wata Talata na sa jallabiya, na hau raksha, babur mai ƙafa uku, na bi bayanta.

Gidan yana da doguwar katanga, amma babu rumfar maza a waje, babu kujeru. A zaure na tarar da tsofaffin mata huɗu a kan tabarma, shayinsu ya huce. Daga bayan labule ina jin wani sauti kamar ana sussuka a nesa: ƙafafu da yawa, da haki, babu murya ko ɗaya. Tsofaffin suna ganina suka fashe da kuka a tare, idanunsu a bushe. Nan take ƙafafun suka tsaya.

Na ɗaga hannu na fara Fatiha. Ina tsakiyar karatu sai wani abu kewayayye, naɗe da farin ƙyalle, ya gangaro a hankali ta ƙarƙashin labule ya tsaya a kan takalmina. Na kai ƙarshen surar ban duba ƙasa ba.

"Wa ya rasu, Hajiya?" na tambayi babbarsu.

"Maigidana, shekara uku ke nan," in ji ta. "Da ransa bai taɓa amfanar kowa kamar yanzu ba, Allah ya jiƙansa. Zauna, ɗana, jikinka na rawa kamar kai za a binne."

Ta ɗage labulen. 'Yan mata goma sha huɗu ne a tsakar gida, babu takalmi. Ƙwallo ce suka naɗe don kada maƙwabta su ji ƙarar bugu, domin taron makoki kaɗai ne ba a tambayar mata dalilinsa. Mai horar da su ta ɗaga gyale maimakon busa usur, suka ci gaba. Na ga ƙanwata ta yanke mutum uku ta aika ƙwallon tsakanin tuluna biyu. Suka rungume ta baki a rufe.

Ta zo tana haki. "Yaya, tunda ka kawo kanka, ka rage mini wahala." Ta zaro takarda daga ƙarƙashin kwanon. Wata ƙungiya a ƙasar waje ce ta gayyace ta wasa da albashi, kuma ba a ba mace izinin fita sai waliyyi ya sa hannu. "Saura kwana goma."

"Inna ta sani?"

"Wa kake tsammani yake dafa abin da ke cikin kwanon?"

Kwana tara takardar tana aljihuna. Na gaya wa kaina tsaronta nake tunani. Yanzu da na kai hamsin ina zargin haushin zama na ƙarshen sani ne ya riƙe hannuna, kuma ba ni da tabbacin abin da ya sake shi. Na sa hannu ranar goma da safe.

Ta tafi bayan Babbar Sallah, ba ta sake zama a Omdurman ba.