Wutar da Mota Ke Ba Kanta

Tun ina ƙarama da kunne nake gane dawowar Baba. Direban tanka ne, yana ɗaukar mai daga wajen Rido, kuma duk motar da ya kama, babba ko ƙarama, in zai sauke giya sai ya ba ta wuta sau biyu: wum, wum. Ta farkon gajeriya, ta biyun ta ɗan fi ta tsawo. A tanka ya saba da haka, inda in ba ka daidaita gudun inji da giyar da za ka shiga ba, sai dai ka ji ƙara kamar ana gurza ƙarfe. Ya bar tanka amma bai bar wannan ba. Da ya karyo kwanar layinmu a Tudun Wada muka ji wum, wum, Umma za ta miƙe ta fara zuba abinci, mu kuma mai ɓarna ya bar ɓarna.

Ni ce babba a gidan, ni ya fara koya wa mota, mutanen layi suna ta surutu bai kula su ba. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka "uwata" yake ce min, amma a bakin sitiyari ba uwa ba 'ya. Ƙafar hagu a kuloci, yatsun ta dama a kan birki, gefenta kuma ya karkata ya taɓa totur ba tare da an saki birkin ba. Na sha faɗa kafin in iya. In motar ta yi fizga sai ya ce, "Kin mare ta. Me ta yi miki?"

Bayan na yi aure na buɗe shagon ɗinki a jikin gidanmu, ƙofarsa tana kallon titi. Kullum ina nan daga safe zuwa la'asar, ba abin da ke wucewa a layin ban gani ba. Umma tana cewa na cika sa ido. Ban musa ba.

Ƙanena ne ya kawo motar. Ya samu aiki mai kyau, maimakon ya sayi abin da zai ɗauki mutane sai ya shigo mana da wata ja, tokumbo, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta yana kusan shafar ƙasa kamar kwaɗo ya durƙusa. Ni tun ranar ban yarda da ita ba. Motar da ko buhun shinkafa ba za ta ɗauka ba, in an yi ruwa a layinmu sai an lallaɓa ta kamar mai jego. Amma giyar hannu ce, shi ya sa Baba ya zagaya ta yana murmushi, har ya shiga ya zauna. Ina tsaye a bakin taga ƙanena ya fara yi masa bayani.

"Baba, ka ga maɓallin nan kusa da giya? In ka danna, wata 'yar fitila za ta kama a dashbod. Daga nan kai dai ka taka kuloci ka sauke giya, daga huɗu zuwa uku misali, kafin ka saki kulocin ita da kanta za ta ba inji wuta daidai yadda ake so. Ba fizga, ba komai. A gosulo yana hutar da ƙafa. In ana ruwa kwalta ta yi santsi ma yana da amfani, taya ba za ta ja ba. Haka in za ka sha kwana ƙafarka tana kan birki ba ka son ɗagawa."

Baba ya ce, "In ina gudu na jefa ta giyar da ba ta dace ba fa?"

"A'a, wannan kam ba ruwanta, inji zai ji jiki. Wuta kawai take bayarwa. Ba ta zaɓa maka giya, ba ta taka maka birki."

Baba ya dubi maɓallin kamar ya ga ƙuda a miya. "Maɓallin ragwaye ke nan. Kashe shi."

Ba a jima ba aka mayar da ƙanena wani gari da aiki, ya bar motar a gida, ya roƙi Baba ya riƙa ɗumama ta. Ɗumamawa ta zama yawo. Tsoho da furfura da babbar riga yana naɗe kansa cikin jar mota, samarin layi suna yi masa tafi. Ya je gaisuwa Trikania, ya je Kakuri wajen wani Inyamuri mai sayar da kayan mota da suka saba tun zamanin tanka, ba don zai sayi komai ba, don dai a yi hira. Duk dawowa kuwa wum, wum, kamar da. Na daɗe ban ga Baba cikin walwala irin ta lokacin ba.

A cikin damina ne abin ya canza. Ina kan keke ina ɗinki na ji motar ta karyo kwana. Wum. Sau ɗaya. Tsaf, ba tangarɗa, ba daɗi ba ragi. Na ɗaga ƙafa daga keken ina jiran ta biyun, ba ta zo ba.

Abin da ya fara zo min shi ne wani ya ɗauki motar. Akwai maƙwabcinmu da kullum yake zagayen ta yana shafa fenti, na ce wato har ya samu ya lallaɓi makullin. Na fito da almakashi a hannu, bakina cike da magana. Sai na ga Baba ne ke fitowa, yana dafa ƙofa.

"Lafiya, uwata, da almakashi?"

Na ce lafiya lau. Na koma shago amma ɗinkin bai ƙara tafiya daidai ba.

Washegari ma ɗaya. Rana ta uku ma ɗaya. Sai na koma zargin motar. Na kira ƙanena na ce, "Kai, wannan abin naka yana iya kunna kansa?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, sai an danna. Me ya faru?" Na ce ba komai, na kashe waya. Ba zan kawo maganar Baba a waya ba ban tabbatar ba.

Daga nan na fara lura, kuma in na fara lura ban iya dainawa. Na leƙa motar tana ajiye na ga hankici a ninke, an cusa shi a gaban gilashin dashbod, daidai gefe ɗaya. Baba mutum ne da ko ƙwayar gyaɗa ba ya bari a cikin mota. Na tambaye shi, ya ce hasken rana ne ke kashe masa ido. Hasken rana, a damina, a ɓangare ɗaya na gilashi! Sannan ya daina sa silifas in zai fita, ya koma takalmi sau-ciki, shi da yake cewa takalmin ma'aikata ne. Wata rana da hantsi ya taso daga tabarma ya ratsa tsakar gida da silifas ɗaya, na dama ya zame tun daga bakin tabarmar, har ya kai bakin famfo bai sani ba. Na ɗauka na kai masa. Ya karɓa bai dube ni ba.

Baba ya daɗe da ciwon suga, kowa ya sani, yana shan magani. Na samu Umma a kicin na ce, "Umma, ƙafar Baba lafiya kuwa?" Ta ci gaba da tsince shinkafa. "Ke dai ba kya gajiya. Ki je ki yi ɗinkinki." Ba ta ce lafiya ba, ba ta ce ba lafiya ba, kuma na lura da hakan.

Tsoro ya kama ni sosai. Layinmu in an tashi daga Islamiyya ba ka ganin ƙasa don yara, suna gudu suna tsallaka titi ba duba hagu ba duba dama. Maganar ƙanena ta yi ta dawo min: ba ta taka maka birki. In ƙafar nan ta daina gane totur, wa ya ce tana gane birki? A gefe guda kuma na san abin da nake shirin yi. Baba ba shi da gona, ba shi da shago, bai iya zaman benci ba. Tuƙi ne kaɗai abin da ya rage masa da ya fi kowa a layin iyawa. Haushinsa nake ji don yana ɓoye min, haushin kaina nake ji don na gano.

Wata Asabar ya ce zai je Rido duba wani tsohon abokin aikinsa, mutumin kudancin Kaduna, da ya yi jinya. Na ce zan bi shi, matar abokin ta daɗe tana son in auna ta in ɗinka mata kayan zuwa coci. Gaskiya ne ta taɓa faɗa. Baba ya dube ni, sannan ya ce in shiga.

Da ya zauna sai ya baza babbar rigarsa ta rufe gwiwoyinsa har ƙasa. Na yi kamar ina duba waya. Amma motar ƙarama ce, kuma riga ba ta zama wuri ɗaya. Duk inda ya rage gudu ya sauke giya, injin ya yi wum, ƙafarsa ta dama tana kwance a kan birki shame-shame, ko motsi ba ta yi. Na ce a raina, to, wataƙila hutawa yake. Mutum yana da damar ya huta.

A gidan abokin an yi ta dariya. Tsohon ya fito da sanda ya zagaya motar ya ce, "Alhaji, da tsufanka! Har yanzu biyu-biyu kake ba ta? Wallahi a layin lodi ko ban gan ka ba na san kai ne." Baba ya yi murmushi ya tambaye shi yadda jikin yake.

A hanyar dawowa ne, daidai inda tankoki ke jere a gefen titi, wani mai Keke Napep ya fito daga bayan wata tanka ba zato. Ba kusa sosai ba ne, akwai sarari. Amma kafin Baba ya taka birki sai da ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafarsa. Ɗan kallo ne kawai, kamar ƙiftawar ido. Mutumin da ya taɓa bugun gwiwata don na dubi giya ina tuƙi, yau shi ne yake neman birki da ido. Motar ta tsaya lafiya, mai keken ya wuce yana ɗaga hannu.

Na miƙa hannu na zare hankicin. 'Yar fitilar tana nan a kunne.

"Baba, kashe maɓallin ka ba ta wuta in ji."

"Ni za ki gwada? Ni da na koya miki?"

"Kai ka koya min, shi ya sa na ji."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na zata zai ce in sauka in hau keke. Sai ya gangara gefen titi ya tsaya tsakanin tankoki biyu, ya sa ta a firi, ya danna maɓallin, fitilar ta mutu. Ya tattare rigar da kansa. Ya ɗora yatsu a birki, ya karkata ƙafar. Ta zame, injin ko gezau. Ya sake, wannan karon ta faɗa kan totur gaba ɗaya, injin ya yi wani ihu har direbobin da ke shan shayi a gefe suka waigo. Ya janye ƙafar da hannunsa.

Sannan ya ce, yana kallon gaba, "Kamar auduga nake takawa, uwata. Tun farkon damina."

"Birkin fa?"

"Ina jin sa. Kaɗan."

Na so in yi faɗa, na tanadi faɗan tun makonni, amma kuka ne ya zo. Na ce, "Baba, yaran Islamiyya." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya zagayo ta gaban motar yana dafa ta, ya tsaya a ɓangarena har na fito. Muka canza wuri. Ban saba da motar ba, sai na kai yatsa zan danna maɓallin. Ya riƙe min hannu.

"Bar shi. Ke me ya sami ƙafarki?"

Haka na tuƙo mu, a hankali, ba fitila. Na yi fizga sau ɗaya wajen Kakuri, na jira in ji "kin mare ta", bai ce ba. Da muka iso kwanar layinmu na taka kuloci, yatsuna a birki, gefen ƙafata ya karkata. Ban yi niyya ba, haka ƙafar ta saba. Wum, wum. Baba ya juya fuskarsa ga taga.

Ko kafin mu gama shiga zaure Umma ta taho da sauri, ludayi a hannunta, fuskarta cike da murnar da na daɗe ban gani ba.

"Alhamdu lillahi! Alhaji, tun daga kwana na ji ka. Ƙafar ta saki?"

Sai ta ga makullin a hannuna.