Gawon da Ya Tare Hanyar Sabuwa

Ko tsufa zai share mini komai daga kai, ba na jin zai iya share kwana ukun da na yi ina zagaye tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa saboda wani gawo. Har yau in na hango gawo tsaye a tsakiyar gona, sai zuciyata ta koma can.

A shekarun da man fetur ya yi tsada ne, gwamnati na ta ɓarin kuɗi, aka ba kamfanin da nake wa aiki kwangilar haɗa wasu ƙananan asibitoci uku. Kowanne yana da kwamfutocinsa da ke magana da juna a cikin gida, amma ba ruwansu da na wani gari. So ake in an ɗebi jinin mara lafiya a Sabuwa, likitan da ke Ƙanƙara ya ga sakamakon nan take. Muka kafa dogayen ƙarafa, muka ɗaura musu farantai masu kallon juna, a kowane asibiti kuma muka ajiye rauta, wato akwatin da ke nuna wa saƙo hanyar da zai bi. Daga Sabuwa saƙo zai je Faskari, ya wuce Ƙanƙara. Da yake kuɗi ba matsala ba ne, har wata hanya ta daban aka yi daga Sabuwa zuwa Ƙanƙara ta wajen Mairuwa, aka bar ta zaune ba aikin fari balle na baƙi.

Ni na rubuta wa rautocin hanyoyinsu da hannuna, layi bayan layi, kuma ina taƙama da hakan. Lokacin ina saurayi mai ji da kai, ga son mafarki ido biyu. In na hau ƙarfe na gama ɗaure faranti, ba na saurin sauka. Sai in zauna can sama iska na kaɗa mini riga, ina kallon duwatsun Faskari sun yi shuɗi-shuɗi a nesa, ina raya wa raina saƙonni suna wucewa ta saman dawa da auduga shiru, manomi na duƙe bai san sunan wata mai naƙuda ya gifta ta saman kansa ba. Wallahi har wani sanyin daɗi nake ji, kamar ni na shimfiɗa titi a sama.

Damina na ɗaukewa, hanyar Sabuwa zuwa Faskari ta fara ciwo. Yau ta yi, gobe ta ƙi, daga baya ta mutu murus. Na canza waya, na canza faranti, duk a banza. Sai da na hau ƙarfenmu na wajen Daudawa da tabaron hangen nesa, sannan na ga abin da ya tare hanyar. Wani ƙaton gawo ne ya cika da ganye shar, daidai tsakanin farantanmu biyu. Da damina muka auna hanyar, lokacin da gawo ke tsaye tsirara kamar busasshe, muna hango faranti ta tsakanin rassansa. Injiniyoyin da muka yi awon tare baƙi ne, itatuwan da suka sani da ruwa suke yin ganye. Amma ni fa? Ɗan manomi, wanda ya yi kiwon awaki a gindin gawo, na manta shi da rani yake tufafi. Kunya ta ishe ni.

Ogana bai ɓata lokaci ba. Ya ce a sare, masu injin yanka itace za su zo ranar Alhamis da hantsi. Ni aka tura in sanar da mai gonar.

Na tarar da shi zaune a inuwar, dattijo ne siriri, awaki na tsintar 'ya'yan gawo a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kwana-kwana kafin in faɗi abin da ya kawo ni.

"Iccen nan kakana ya iske shi," in ji shi. "Dawar da ka gani a gindinai ba ta san taki ba. Da rani shi ka ciyar mani da bisashe. Mi ya yi maku?"

Na ce, "Baba, maganarmu ce take bi ta sama, shi kuma ya tare mata hanya."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni. "To ita maganar taku makauniya ce? Ko jakina in ya iske icce gabanai, ratsewa shikai."

Na yi dariya don kada in yi kuka. A hanyar komawa maganar ta ƙi barina. Rautocin nan ba makafi ba ne, ni na ɗaure musu ido. Akwai wani tsari da ake kira OSPF, na karanta shi amma ban taɓa yarda da shi ba, don ba na son akwati ya yanke shawara ban sa baki ba. In ka kunna shi, kowace rauta za ta riƙa gaida maƙwabciyarta a kai a kai, tana gaya mata gidajen da ke bayanta da hanyoyin da ta sani. Wadda aka gaishe ta ba ta amsa ba, sai a ɗauka hanyarta ta yanke, a nemi wata. Ga ta Mairuwa nan tana barci.

Na roƙi ogana, na ce, "Yallaɓai, a ba ni zuwa Alhamis." Ya ce ba zai hana ni ba, amma ba zai dakatar da masu inji ba sai ya ga saƙon Sabuwa a Ƙanƙara da idonsa.

Talata na yi Ƙanƙara, Laraba Faskari. A kowane gari in jona kwamfutata, in kunna tsarin, in gaya wa rauta adireshin gidanta da ƙofofin da za ta yi gaisuwa ta cikinsu. Da na ga ta Faskari ta amsa wa ta Ƙanƙara, sai na ji kamar na haɗa zumunci. Ina tafe kan babur tsakanin gonakin da aka girbe, ina jin kamar sallamarsu na bina ta cikin iska.

Alhamis da sassafe na isa Sabuwa. Na kunna, rauta ta gaida ta Ƙanƙara ta hanyar Mairuwa, aka amsa. Na aika saƙon gwaji. Shiru. Na sake, shiru. Rana na ɗagawa, gumi na bin bayana, ogana ya bugo ya ce masu inji sun isa gonar. A kunnena har na fara jin kukan injin, ina ganin dattijon tsaye gefe hannu a baya. Tsoro ya kama ni sosai.

Na buɗe jerin hanyoyin da rautar ke bi, sai ga shi: tsohon layin da na rubuta da hannuna, yana nan daram yana cewa komai ya bi ta Faskari. Rauta tana fifita umarnin mai ita a kan labarin maƙwabciya. Ta san sabuwar hanya sarai, biyayya gare ni ce ta hana ta bi. Na goge layin, na buga wa wani ma'aikacinmu da ke Ƙanƙara na karanta masa yadda zai goge irin wannan layin a rautar can. Na aika, amsa ta dawo kafin in ƙifta ido.

Ogana ya bugo, murya ba yabo ba fallasa. "Na gani. Na ce su kashe injin."

Da la'asar na isa gonar. A jikin gawon akwai wani ɗan tsagi fari, bai kai tsawon tafin hannu ba. Dattijon ya kwaɓa laka yana shafe wurin a hankali. Bai yi mini godiya ba, cewa kawai ya yi, "Ashe ta ga hanya." Ya ɗebo gyaɗa ya zuba mini a hula.

Da damina ta dawo, wata safiya ina duba allo a Faskari, sai na ga layi ya fito da kansa: Sabuwa ta yi sallama ta tsohuwar hanya, an amsa mata. Ban taɓa komai ba. Na zauna ina kallo, na san can wajen Daudawa gawo ya zubar da ganye.

Tun daga ranar, in abu ya tsaya mini, a aiki ko a gida, ba na fara neman gatari. Nakan fara duba ko ni na rubuta layin da ya hana a ratse.