Sunan da Ban Rubuta Ba

Ina da shekara ashirin na fara aiki a wata masana'antar magani a Bahri, a ƙasar Sudan, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. A unguwar Umbadda muke zaune. Babana ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a Jazira, da bayansa ya gaza sai ya kwaso mu zuwa birni, ya kafa tebur yana sayar da albasa da busasshiyar kuɓewa. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, amma a gidanmu ba wanda ya yi zancen jami'a, ni ma ban tayar ba. Kullum bayan asuba nakan shiga hafila, wato bas, in canja wata a Omdurman, mu haye gada, kafin in isa ƙofar masana'anta tob ɗina, wato laffayata, ya jiƙe da gumi.

Sashen cika kwalaye aka kai ni. Mata ne zalla a wani dogon tebur: kwalbar maganin tari ta zo, ki manna mata takarda, ki sa a kwali, ki tura gaba. A gida Hausa muke yi, amma da na fita ƙofa sai Larabci, don na san yadda ake taɓe baki idan an ce "Fallatiya", sunan da ake kiran mace mai asali irin nawa. A wurin aiki ba wanda ya san asalina, kuma haka nake so.

A mako na biyu kwalba ta suɓuce mini ta fashe, ta yanke ni a yatsa. Ban san lokacin da na ce "Wayyo Allah na!" ba. Ashe shugabar sashenmu tana tsaye a bayana. Dattijuwa ce doguwa, kowa Hajja yake ce mata, har mudir, wato manajan masana'antar. Ba ta tanka ba sai lokacin fatur, wato kalacin hantsi, da mata suka taru a kan kwanon wake da burodi, ta kira ni ɗan ofishinta ta tura ƙofa.

"Ke 'yar gidan wa ce?" ta ce da ni, da Hausa.

Na gaya mata. Ta ce ita ma kakanta daga ƙasar Hausa ya taso da ƙafa za shi Makka, ya tsaya a Omdurman neman guzuri, tsayawar da ta zama zama ke nan. Sannan ta miƙo mini wata kwalba.

"Me aka rubuta a jikin wannan?"

Na juya kwalbar ina neman inda rubutun ya fara.

"Kwana goma kina manna takarda, ba ki taɓa karanta ta ba? 'Yata, mai manna takarda ko yanzu na leƙa bakin ƙofa zan samu goma. Wadda ta san abin da ke jikin takardar ita ce babu."

Tun daga ranar ta ɗauke ni. Kullum lokacin fatur sai na karanta mata takarda guda: sunan maganin da Ingilishi, abin da aka haɗa shi da shi, lambar rukunin da aka dafa shi, ranar da zai lalace. Idan na yi kuskure ba ta gyara mini, sai ta ce in sake dubawa. Ba mace ce mai yabo ba. Iyakar yabonta ta ce "To," ta tura mini rabin burodinta.

Da ta ga na kama, sai ta riƙa aikena da samfuri zuwa ɗakin gwaji, inda ake auna magani kafin a fitar da shi. "Kada ki ajiye ki juyo," in ji ta. "Ki tsaya har su gama, ki yi tambaya ko da sun harare ki. Ranar da za a nemi mutum, fuskar da aka saba gani ake tunawa." Ita ta koya mini magana da mudir. Ta hana ni cewa "ina ganin kamar". Ta ce in ce, "Na duba, ga abin da na samu," kuma in bar kallon takalmina.

Da aka buɗe kwas na mataimakan ɗakin gwaji a Khartoum, ana zuwa bayan tashi daga aiki, ita ta rubuta sunana. Babana ya ce sam, 'ya mace ba za ta riƙa dawowa gida bayan magariba ba. Ran Juma'a da la'asar sai ga Hajja a gidanmu, ta sauko daga hafila da ledar dabino. Ta zauna kan gado a tsakar gida, ta sha shayi, ta tambayi lafiyar kowa. Sannan ta ce, "Malam, kai ka sunkuya a gonar mutane don kada 'ya'yanka su sunkuya. To wannan a sunkuye take wuni, na gani da idona. Ka bar ta ta ɗago." Babana ya daɗe yana jan carbi, daga baya ya ce, "Amana ce a hannunki, Hajja."

Ban gama kwas ɗin ba aka kore ta. Zamanin ne da ake manna jerin sunaye a bango, a ce an sallami mutum don maslahar jama'a, gwamnati kuwa tana da hannu a masana'antar. Hajja ta taɓa zama a ƙungiyar ma'aikata tun kafin zuwan sojoji, wannan kaɗai ya isa. Na same ta tana zuba kayanta a kwali, na ce ni ma zan ajiye aikin.

"Ki ajiye ki ba wa haushi?" ta ce. "Kujerar ba za ta kwana babu kowa ba. Zauna ki gama karatunki."

Na zauna. Na gama kwas, na koma ɗakin gwaji, bayan wasu shekaru aka ba ni shugabancin sashen da ta riƙe. Amma akwai abin da na koya daga korar tata wanda ba ita ta koya mini ba: tsoro. Na ga macen da ta fi kowa sanin aiki ta fita da kwali a hannu ba wanda ya ɗaga kai. Sai na zama mai taka-tsantsan da komai. Ranar da aka ƙara mini girma na ji wata tana cewa a bayan ƙofa, "Hajja ta tafi amma ta bar magajiya. Fallata ba sa sakin juna." Maganar nan ta zauna mini a zuciya shekara da shekaru.

Ina kan kujerar aka kawo sabbin ma'aikata, cikinsu da wata yarinya daga unguwar Hajj Yusuf, siririya, mai saurin hannu. Ban san inda ta ji labarina ba. Ranar farko, a gaban kowa, ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Yaya." Mata suka ɗago kai. Na amsa mata da Larabci, a taƙaice, na nuna mata wurin zamanta. Ba ta ƙara yi mini Hausa a cikin mutane ba. Ta koma ce mini Ustaza kamar kowa.

Yarinyar ba ta buƙaci a ce mata ta karanta takarda ba, da kanta take karantawa. Wata rana ta dakatar da teburin gaba ɗaya, ta zo mini da kwalba biyu. Ranar lalacewar da ke jikin takardar ba ta dace da lambar rukunin ba, an buga ta tsohon rukuni a kan sabo. Da an loda kayan sun fita, da sai an bi su kantunan magani ana kwasowa. Na kai wa mudir rahoto, na rubuta cewa sashenmu ya gano kuskure. Ya yaba mini a taro. Ban ambaci sunanta ba. Na gaya wa kaina cewa kare ta nake yi, wai kada ido ya yi mata yawa.

Na san abin da ya kamata in yi da ita, domin an yi mini. Sau da yawa nakan ɗauki samfuri zan miƙa mata ta kai ɗakin gwaji, sai in ga ana kallona, in miƙa wa ta kusa da ita. Wani lokaci idan mu kaɗai ne nakan amsa mata tambaya ɗaya ko biyu, cikin sauri, kamar mai sata.

Sai aka sake ba sashenmu gurbi guda a irin kwas ɗin da na yi, aka ce in kawo suna. Ta shigo ofis ta tsaya, hannunta na wasa da bakin mayafi.

"Ustaza, na ji maganar kwas. Ina so."

"Za a duba," na ce.

Kwana uku takardar tana kan teburina. Ba wanda ya tsoratar da ni, ba wanda ya kira ni ya ce ga wadda zan zaɓa, wannan ya kamata in faɗa don kada in ɗora wa zamani laifin da ba nasa ba. Ni kaɗai na zauna na hango bakin mutane, na hango sunana a bango. Na rubuta sunan wata, yarinyar kirki ce ita ma, amma ko kusa ba ta kai ta ba.

Da aka manna sanarwa, ta jira har aka tashi, ta shigo ta rufe ƙofa. Wannan karon da Hausa ta yi magana.

"Yaya, ban zo faɗa ba. So nake in sani, aikina ne bai kai ba?"

"Aikinki ba laifi. Amma ba ki san wurin nan ba. Idan na sa sunanki za a ce..."

"Ban ce ki zaɓe ni don Hausa ba," ta ce. "Amma ban zaci za ki ƙi ni don ita ba."

Na ce mata akwai baɗi. Baɗi ta zo ba a ba mu gurbi ba, haka wadda ta biyo. Ta ci gaba da manna takarda, ba ta ƙara dakatar da tebur ba, ba ta ƙara tambayata komai ba. Da aka zo rage ma'aikata, masu takardar shaida suka tsira, marasa ita aka sallame su. Tana cikinsu.

Na daɗe ban je gaida Hajja ba, aiki nake fakewa da shi. Da na ji idonta ya yi rauni na shirya na tafi gidanta a Omdurman. Tana zaune a inuwar darbejiya, ta gane ni da murya. Muka gaisa, ta tambayi Babana, na ce ya rasu, ta yi masa addu'a. Can ta ce, "Na haɗu da uwar wata yarinya a wurin suna. 'Yar unguwar Hajj Yusuf."

Na fara kawo dalilai: zamani, 'yan rahoto, bakin mutane. Ta bar ni har na gama.

"Kina tsammani ni ba a yi magana ba da na rubuta sunanki? Har ofis aka kira ni. Na ce a kawo wadda ta fi ki, a gwada ku a gabana." Ta lalubo kofinta ta kurɓa. "Na koya miki karatun takarda, na koya miki tsayuwa gaban mudir. Riƙo hannun na baya kuwa, na zaci ba sai an koya ba. Laifina ne, da na sani da na faɗa miki."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Hajja ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu.

Bayan rasuwarta na nemi gidan yarinyar. Mai raksha, babur mai ƙafa uku, ya yi ta zagaye da ni a lungunan Hajj Yusuf kafin mu samu. Ta yi aure, 'ya'yanta uku, tana ɗinki da keke a zaure. Ta karɓe ni da mutunci, ta shimfiɗa mini, ta ɗora shayi. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har da rahoton da na cire sunanta. Na ce ta yafe mini. Na ce idan tana so har yanzu ina da hanyar da zan sa ta a kwas.

"Na yafe, Yaya, tun tuni," ta ce. "Kwas kuwa, wa zan bar wa waɗannan? Lokacinsa ne ya wuce."

Muna zaune wata maƙwabciya ta yi sallama, goye da yaro, riƙe da ledar magani. "Diktora, duba mini wannan," ta ce. Haka suke kiranta a unguwar, wato likita, rabi wasa rabi gaske. Ta karɓi kwalbar ta juya ta, ta zare takardar ciki ta karanta, ta tambayi watannin yaron da abin da likita ya ce. Ta nuna wa matar layin da za ta tsaya a murfin awo, ta ce wannan bayan abinci ake ba shi, ɗayan kuma kada ta ajiye shi a rana. Matar ta yi godiya ta fita, ita kuma ta koma kan kekenta ta ci gaba da kalmasa bakin wata riga.

Na sha shayina har ya huce a hannuna. Da na tashi ta rako ni bakin titi, ta tsayar mini da raksha, ta gaya wa direban hanyar da ta fi kusa zuwa tashar hafila. Na ce zan dawo. Ta ce Allah ya kawo ni lafiya. Na koma sau biyu, duk ta karɓe ni kamar yadda ake karɓar baƙuwa mai girma, ba fiye da haka ba.