Ƙafar da Yaya Binta Ta Wanke

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Binta, amma har yau in na ji warin aidin sai na waiga. Nas ce, duk Gyaɗi-Gyaɗi Sista ake ce mata. Ni ƙaninta ne, kuma ba ta taɓa wanke wa mai taurin kai irina ciwo ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ina acaɓa. Muka bi ayarin kamfe daga Tarauni muna wasa da babura, na zame a kwalta, ƙafata ta dama ta saɓule daga gwiwa zuwa ƙwauri. Abokaina suka yi abin da muka iya: suka tuttula man birki, suka ɗaure da tutar jam'iyya, suka kai ni asibitin da take aiki.

Ko sannu ba ta yi mini ba. Ta sa na motsa yatsu, ta danna tafin ƙafar ta tambaya ko ina ji, sannan ta kwance tutar.

"Wa ya zuba wannan? Kai babur ne?"

"Yaya, ki ɗinke kawai."

"In ɗinke da ƙasa a ciki? Sati ɗaya a yanke ƙafar. Riƙe gadon nan."

Ta dinga kwarara ruwan gishiri tana tsince tsakuwa ɗai-ɗai. Na yi ihu, na ce ba ta da imani. Kwana uku ta bar ciwon a buɗe kafin ɗinki, ni kuma na yi wata biyu ban gaishe ta ba. Da ƙafar nake zuwa masallaci yau.

Acaɓa ta tafi, adaidaita sahu ta zo, man birki yana nan. Kwanaki na ga an yi hatsari, jama'a sun zagaye yaro suna ɗaukar hoto da waya. Da Yaya na nan, da sun sha faɗa, sannan ta aiki ɗayansu ruwa mai tsabta. Faɗan nan nake kewa, wallahi, fiye da komai.

Ƙarƙashin gwiwata akwai ɗigo baƙi. Ranar wankin ciwon, da na haɗa ta da girman Inna mahaifiyarmu, sai ta tsaya, tsakuwa ɗaya ta saura. Duk sanda ta gani sai ta ce, "Laifina ne, tausayi ya ci ni." Ban taɓa ce mata na gode ba. Allah ya jiƙanta.

Bara wani likita ya ce minti biyar zai cire mini ita. Na ce ya bar mini abata.