Kafaɗar Matar Shataletale

Ranar da na hau tsani a tsakiyar shataletale ba za ta fita daga raina ba. Amma bari in fara faɗa wa sababbin abokan aikina inda na samo bayanina: abin da na gani da idona, da hirar da na yi da Mama Saraya a Dutsen Kura, 'yar marigayi Baba Ɗanladi, gwanin da ya gina yawancin mutum-mutumin siminti da ofishinmu ke kula da su. Shekarar da ya gina wanda zan yi magana a kansa ban tabbatar ba, don haka ba zan ambace ta ba.

Ina ƙaramin jami'i a sashen adana kayan tarihi, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, sai iskar damina ta karyo reshe a kan mutum-mutumin wata mata 'yar Gbagyi da ke tsakiyar shataletalen, ya tafi da hannunta ɗaya da kayan da take ɗauke da shi. Aka ba wani magini gyaran. Ya kawo zane mai kyau, ƙwarya zaune daram a tsakar kan matar, Darakta kuma ya sa hannu.

Zanen ya hana ni sukuni. Matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, don kai a wurinsu yana da daraja. Idan aka zuba siminti bisa wannan zane, an mayar da matar wata dabam, kuma da sunan Baba Ɗanladi za a riƙa nuna kuskuren. Sai dai a ƙa'idar aiki, ƙaramin jami'i ba ya ja da abin da Darakta ya amince da shi sai ta hannun shugaban sashe, kuma da hujja. Ni kuwa sanin al'ada kawai nake da shi. Wa ya tabbatar mini marigayin ya bi al'adar?

Na ari tsani a wajen wani mai fenti a Tunga, na hau, masu keke-napep na tambayata ko aurenta zan yi. Saman kanta sumul yake, babu alamar an taɓa liƙa masa komai. A kafaɗar kuwa ga guntun rodi ya leƙo daga cikin simintin. Na ɗauki hoto, na kai wa shugabar sashenmu, Hajiya Rabi, ta shige gaba zuwa ofishin Darakta.

Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya tambaye ni ko na tabbata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, rodin na tabbatar da shi. Abin da ke cikin ƙwaryar ne ban sani ba."

Ya yi murmushi ya ce da na ce na san duka, da bai yarda da ko ɗaya ba. Nan take ya soke zanen.

Da aka gama gyaran, ƙwarya a kafaɗa, na ɗauko Mama Saraya. Ta zagaya matar sannu a hankali, ta dafa ƙafarta, ta ce, "Ɗana, ka mayar wa babana da hannunsa." Ban taɓa jin daɗin aikin nan kamar ranar ba. Na fahimci cewa a sana'armu, wanda ya rasu ba zai zo ya kare aikinsa ba, mu ne bakinsa, kuma ba mu da izinin faɗin abin da bai faɗa ba.

Saboda haka ƙwaryar a buɗe muka bar ta, babu komai ciki. Mama Saraya ta ce doya ce mahaifinta ya sa. Tsofaffin masu shaguna a wurin sun dage itacen girki ne. Har yau ban samu wanda zai raba gardamar ba. Me matar nan take ɗauke da shi?